Cire Birenbos A Ɗaura Kafireta: Abin Da Mai Mota Ke Samu Da Abin Da Yake Rasawa

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, wata tsohuwar gardama ta garejin kanikawa, kan cire kwamfutar mota a ɗaura kafireta, ta sake tasowa. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a garuruwa da dama. Direbobin da suka daɗe da mayar da motocinsu kafireta suka koma lissafi, masu shirin yi suka dakata. Sai kuma ga shirin gwamnati na mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, wanda ya zo da tasa tambayar: motar da aka riga aka raba da kwamfutarta za ta karɓi gas ɗin kuwa?

Yawancin ruɗanin daga yadda ake faɗar aikin yake. Idan aka ce za a juya mota kafireta, a kunne kamar za a kwance ƙarfe ɗaya ne a ɗaura wani. A injin da kwamfuta ke sarrafawa, ba rabon mai kaɗai ke hannunta ba. Sau da yawa ita ke riƙe da wutar fulogi, da famfon mai, da silo, wani lokaci har da giya. Ranar da ta fita, duk waɗannan sai an samo musu sabon mai kula.

Kafireta, injekta da birenbos

Injin fetur na buƙatar iska da mai a gauraye bisa wani ma'auni. Ƙonuwa mafi tsafta tana samuwa ne idan kilo 14.7 na iska ya haɗu da kilo ɗaya na fetur. Idan mai ya yi yawa, ragowar na fita ta salansa a matsayin baƙin hayaƙi da asarar kuɗi. Idan ya yi kaɗan, inji na zafi, yana rasa ƙarfi, har bawul na iya ƙonewa.

Kafireta na wannan haɗin ne ba tare da lissafi ba. Fistan na sauka yana zuƙo iska, iskar na bi ta wani maƙogwaro da aka ƙuntata tsakiyarsa. A wurin ƙuncin gudunta na ƙaruwa, sai ta tsotso fetur daga ɗan kofin da ke gefe ta wata 'yar huda da ake kira jet. Fulot na tsare matakin mai a kofin, cok na rage iska da sassafe don inji ya tashi, totur na buɗe ƙofa. Bakanike ya saita ta da sukudireba da kunnensa, a nan za ta zauna: ko da sanyin hunturu ko zafin Afrilu, ko a Legas bakin teku ko a kan tudun Jos inda iska ta fi sauƙi, saiti ɗaya ne.

Injekta kuwa famfo ne ke turo mai da ƙarfi, nozul ta fesa shi, kwamfutar da kanikawa ke kira birenbos ce ke yanke tsawon lokacin da nozul za ta buɗe. Tana yanke hukuncin ne da labarin da sensa-sensa ke kawo mata: zafin ruwan inji, yawan iskar da ta shiga, inda ƙafar direba ta kai totur, saurin juyawar inji, da kuma oksijin ɗin da ya rage a hayaƙin salansa. Wannan ta ƙarshe ita ce mai gaya mata ko ta zuba mai da yawa a juyin baya, don ta gyara a na gaba.

Yadda kwamfuta ta shigo

Ba neman gudu ko kwalliya ya kawo ta ba, hayaƙi ne. A 1970 Amurka ta tsaurara dokar tsaftar iska, kuma daga motocin 1975 yawancin kamfanoni suka fara sa matatar hayaƙi a cikin salansa, wato abin nan mai kama da saƙar zuma da kanikawanmu ke kira indomi. Irin matatar da ta fi aiki, mai kashe gubobi uku a lokaci guda, ba ta yin komai sai haɗin iska da mai ya tsaya daf da 14.7 ɗin nan. Kafiretar gargajiya ba ta iya riƙe shi a can. A 1976 Volvo ta fara sa sensar oksijin ta kamfanin Bosch a motocinta, daga nan hanya ta buɗe.

Sai dai ba a tsallaka zuwa injekta kai tsaye ba. Akwai wani zango a tsakiya da mutane da yawa ba su san da shi ba, wato kafireta mai kwamfuta. A ido kafireta ce, amma wayoyi na shiga cikinta. A 1981 General Motors ya sa irin wannan tsari a ƙananan motocinsa na fetur a Amurka: a cikin kafiretar akwai ɗan maganaɗisun lantarki da ke buɗe hanyar mai yana rufewa sau goma a kowace daƙiƙa, bisa umarnin kwamfuta. Ford da Chrysler sun yi nasu, a Turai ma wasu Golf 2 sun fito da kafiretar Pierburg mai lantarki. Zangon bai daɗe ba. A farkon shekarun 1990 kafireta ta ɓace daga sababbin motocin Amurka, a Turai kuma ƙa'idar hayaƙi ta Euro 1, da ta fara aiki tsakanin 1992 da 1993, ta sa indomi ya zama tilas, injekta ta biyo shi.

Darasin motocin Amurka na shekarun 1980

A can ne aka fi daɗewa ana wannan canji, kuma abin da masu tsofaffin Chevrolet da Oldsmobile suka gamu da shi ya nuna matsalar ƙarara. Kafireta mai kwamfuta ta tsufa, kayan gyaranta sun yi wuya, masu iya saita ta sun ragu. Mai mota sai ya sayo ta gargajiya, Holley ko Edelbrock, ya ɗaura. Inji ya tashi, amma mota ta zama kasalalliya, tana shan mai, tana zafi.

Ba a kafiretar gizo ke saƙar ba, a distiributa ne, wato abin da ke raba wa fulogogi wuta. Fulogi ba ya ba da wuta a lokaci ɗaya kullum. Idan inji ya ƙara gudu, dole wutar ta riƙa zuwa da wuri don man ya samu lokacin ƙonewa. Tsohuwar distiributa na yin wannan da kanta, da wasu 'yan ƙarafa masu buɗewa da gudu da kuma ɗan gwangwanin da iskar manifol, wato bututun da ke kai iska cikin silindodi, ke ja. Ta motar kwamfuta ba ta da ko ɗaya, don an miƙa wa kwamfuta aikin. Sabuwar kafiretar kuma ba ta da sensar totur, don haka kwamfutar ta rasa ɗaya daga cikin manyan labaran da take lissafi da su. Mafita ita ce a canza distiributar ita ma.

Tsugune ba ta ƙare ba. A giyar otomatik ta waɗannan motoci akwai abin da ke kulle inji da giya su juya tare a kan babbar hanya, don rage zafi da shan mai, kuma kwamfuta ce ke kunna shi. Sai an yi masa wata hanyar daban. Akwai kuma wayar ƙarfe da ke tafiya daga totur zuwa giya tana ƙayyade matsin man giyar. Idan maɗaurinta a sabuwar kafireta bai zo daidai da na tsohuwa ba, giya na iya ƙonewa cikin ɗan lokaci. Wanda kuma ya ga kamar dabara ce ya bar kafiretar asali ya zare wayoyinta kawai, ya fi kowa asara, domin idan wuta ta ɗauke wa maganaɗisun nan, a buɗe yake tsayawa, mai ya yi ta kwarara.

Abin lura, a yau kasuwar can ta fi karkata ta ɗaya gefen: ana sayar da injekta mai kamannin kafireta da 'yar kwamfutarta, masu tsofaffin motoci na cire kafireta suna ɗaura ta.

Me ya sa aikin ya karɓu a nan

Kanikawan Arewa da yawa a kan Peugeot 504 suka buɗe ido, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 aka kuma ci gaba kusan shekara talatin. Kafiretarta ta Solex yaron gareji ma na iya warware ta ya mayar. Da motocin Beljiyam da na Kwatano suka fara kwararowa a shekarun 1990 da injekta da birenbos, sai suka tarar da gareji da babu na'urar gwaji, babu littafin wayarin.

Suka kuma tarar da man da ba nasu ba. A wancan lokaci fetur ɗinmu na ɗauke da dalma, wadda ke kashe sensar oksijin tana toshe indomi. Sai a farkon 2006 aka kammala daina sayar da irin wannan man a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Ga man 'yan bumburutu da ya kwana a jarka da ƙura da ruwa, ga gurɓataccen mai irin wanda aka shigo da shi a farkon 2022 mai yawan sinadarin metanol. Nozul hudarta ƙarama ce ƙwarai, datti kaɗan ke toshe ta. Saboda haka wanda ya ce injekta ta ba shi wahala a wancan zamani gaskiya ya faɗa. Kuma muddin lita na da araha, ƙarin shan mai bai kai zafin kwana uku mota na ajiye ba.

Golf 3, wadda ta fito a 1991 ta kuma zama abin dogaron direbobin haya a hanyoyin Arewa, ita ce misali mafi kusa. Mai injin 1.8 ta gama-gari nozul ɗaya gare ta, a zaune a kan manifol daidai inda kafireta ke zama, kuma injin ɗan gida ɗaya ne da na Golf 2. Manifol da kafireta da distiributar Golf 2 suna hawa ba tare da wahala ba, ga su kuma a kasuwannin kayan mota na Ƙofar Ruwa da Panteka da Ladipo.

Ba duk mota ce Golf ba

Sauƙin da aka samu a kan Golf ya sa ana ɗauka ko'ina haka ne. Mota mai kafiretar lantarki ko mai nozul ɗaya tana juyuwa, in an haɗa da distiributa. Mai nozul a kan kowace silinda, irin yawancin Toyota da Honda da Nissan na shekarun 1990, sai an samo manifol ɗin da zai dace ko a yi ƙira da walda, a toshe ramukan nozul, kuma manifol ɗin da aka tsara don iska zalla ba ya raba jiƙaƙƙen haɗi daidai tsakanin silindodi. Wata ta samu mai da yawa, wata ta ji yunwa.

Daga kan motoci irin Corolla ta 2003 zuwa sama kuwa, maganar ta kusa rufewa. Babu distiributa kwata-kwata, kowane fulogi da koyil ɗinsa, lokacin buɗewar bawul ma kwamfuta ke juya shi, giyar otomatik da umarninta take canzawa, makulli kuma a yawancinsu sai ya gaisa da birenbos kafin inji ya tashi. A irin waɗannan, cire kwamfuta daidai yake da kashe motar.

Ko a motar da ke juyuwa, akwai wurin da ganganci ke zama haɗari, wato famfon mai. Kafireta na son mai a hankali, matsin da bai kai rabin bar ɗaya ba, a ma'aunin matsi da ake kira bar. Famfon mota mai nozul ɗaya irin Golf na ba da kusan bar ɗaya, na mai nozul da yawa kusan uku. Idan aka bar shi yana tura wa kafireta kai tsaye, zai rinjayi fulot, mai ya tumbatsa ya zubo a kan inji mai zafi. Dole a sa famfo mai sauƙi ko abin rage matsi da hanyar mayar da ragowa tanki. Sannan a tsarin asali, da inji ya mutu kwamfuta ke kashe famfo. Idan mai wayarin ya haɗa shi kai tsaye da makulli, ranar da aka yi hatsari tiyo ya fashe, famfon zai ci gaba da feso fetur har sai an kashe makulli ko batir ya yanke.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon bayan juyi suna da maganar da ba a iya turewa. Motar da ta shekara talatin wayoyinta sun bushe, sun sha ɗauri, ɓera ya ci wasu. Birenbos ɗin da za a sayo na hannu ne, ba tabbas. Direban da ke bin hanyar ƙauye ya san in kafireta ta toshe zai kwance ta a gindin bishiya ya wanke da fetur ya busa jet ya ci gaba, in kuwa sensa ce ta mutu sai janwe. A wurin mai motar da kuɗinta gaba ɗaya bai taka kara ya karya ba, da babu gara ba daɗi.

Masu adawa na cewa yawancin birenbos ɗin da aka yanke wa hukunci lafiyarsu ƙalau. Abin da ya fi lalacewa shi ne ƙananan kaya: sensar zafin ruwa, famfon da ya gaji, matatar mai da ta toshe, wayar at (wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota) da ta yi tsatsa, tiyon iska da ya tsage. Suna kuma nuni da wata al'ada da ta yaɗu, ta cire tamostat, abin da ke tsare zafin ruwan inji, a haɗa fanka kai tsaye. Inji sai ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai, a ƙarshe a ce injekta ce mai shan mai. Motoci da yawa na kafin 1996 ma ba sa buƙatar na'ura kafin su faɗi ciwonsu. A tsofaffin Toyota, ɗan guntun waya tsakanin ramuka biyu na soket ɗin gwaji, TE1 da E1, ya isa ya sa fitilar cek injin ta riƙa ƙyaftawa tana ƙirga lambar matsalar.

Dalilin da ya sa kowane ɓangare ke da shaidu na gaskiya shi ne ba abu ɗaya suke kwatantawa ba. Direban da ya ce motarsa ta rage shan mai bayan juyi, yana kwatanta lafiyayyar kafireta ne da injekta marar lafiya wadda sensocinta suka mutu. Idan duka biyun lafiya suke a kan inji ɗaya, injekta ce ke gaba, musamman a cikin gari. Tana rage mai da zarar inji ya ɗumama, tana gyara kanta da canjin yanayi, da yawansu kuma suna yanke mai gaba ɗaya idan direba ya ɗaga ƙafa a gangara. Kafiretar da ake ɗaurawa kuwa sau da yawa ta wani injin ce daban, jet ɗinta ba na wannan ba, ita kanta ta ci zamaninta.

Lissafin aljihu da na huhu

A ɗauki misali kawai, don a ga yadda farashi ya juya lissafin. Direban haya na ƙona lita 30 a rana, juyi ya ƙara masa lita ɗaya a kan kowace goma, wato lita 3. Lokacin da lita take naira 190, ƙarin bai kai naira 600 a rana ba. A kan naira 1,000, ya zama 3,000 a rana, 78,000 a kwanakin aiki 26. Kuɗin gyaran injekta sau ɗaya ake biya, wannan kuwa kullum ne, kuma a ƙarshe fasinja da mai kayan gwari ke ɗaukar wani kaso a kuɗin mota.

Akwai asarar da ba ta fitowa a gidan mai. Fetur ɗin da ya yi yawa na wanke baƙin mai daga bangon silinda yana gangarawa cikinsa ya tsinka shi, ringi ya ci da wuri, fulogi ya riƙa yin baƙi. Indomi ba ya jure irin wannan haɗin, yakan toshe ko ya narke, shi ya sa ake fasa shi a fitar, wasu kuma su sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa irin su filatinam. Daga nan gubar hayaƙin, har da iskar nan marar wari da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki, tana fita yadda take. Masu shaƙarta su ne 'yan kamasho a tasha, masu talla a danja, 'yan sandan hanya, da fasinjan kujerar baya a motar da salansarta ke yoyo.

Doka da batun gas

A Amurka dokar tarayya ta hana cire ko kashe kayan rage hayaƙi a motar da ke hawa titi, kuma a jihar Kalifoniya motocin fetur daga na 1976 zuwa sama suna zuwa gwajin hayaƙi inda ake buɗe bonet a duba ko kayan asali na nan. A Najeriya hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta NESREA na da ƙa'idar hayaƙin motoci tun 2011, ECOWAS kuma ta amince a 2020 da matakin Euro 4 ga motocin da ake shigowa da su yankin. Ƙa'idar ECOWAS ta shafi abin da ke shigowa ne. Amma duk ranar da gwajin hayaƙi ya zama sharaɗin sabunta takardu da gaske, motocin da aka juya aka kuma fasa musu indomi ne za su fara faɗuwa.

Game da CNG, amsar ita ce motar kafireta na karɓar gas, amma da tsohon tsari, wanda ake sa wani zobe a bakin shigar iska yana gauraya gas ɗin. Yana aiki, yana da sauƙin kuɗi, sai dai ƙarfin mota na raguwa sosai, kuma in saiti ko wutar fulogi ta samu matsala yakan yi tari ta baya. Sabon tsarin, mai nozul ɗin gas a kan kowace silinda, yana karanta umarnin da birenbos ke aika wa nozul ɗin fetur ne ya fassara shi zuwa gas. Motar da aka cire wa birenbos ba ta da abin da zai karanta.

Mai sayen tsohuwar mota na iya gane wadda aka juya tun kafin ya biya. Idan aka murɗa makulli ba a tayar ba, fitilar cek injin ya kamata ta kama a motar da aka ƙera da ita. In ba ta kama ba, wataƙila an cire ƙwan. A ƙarƙashin bonet za a ga soket-soket a rataye ba a haɗe da komai ba, ko damin wayoyi da aka yanke aka naɗe da salatif, da warin fetur bayan an kashe inji. Wanda kuma ya riga ya yanke shawarar juyawa, akwai bambanci babba tsakanin a zare soket da a datse waya. Birenbos da manifol da nozul da distiributar asali, in aka haɗa su a kwali aka ajiye a gida, komawa aikin yini ɗaya ne ko biyu. In aka bar su a gareji, sai an sake sayensu ɗaya bayan ɗaya a Ƙofar Ruwa, a farashin ranar.